Wata Bakwai Tana Sallah a Zaune: Nazarin Jirin Wata Mai Ƙuli-ƙuli a Maradi

Matar da wannan rubutu ya shafa tana da shekara 56, tana zaune a ɗaya daga cikin tsoffin unguwannin Maradi, ta wajen gangaren Gulbi. Zan kira ta Hajiya kawai, kamar yadda kowa ke kiranta, domin ta yarda a rubuta labarin ciwonta ne bisa sharaɗin a sakaya sunanta. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Wurin mahaifiyarta ta gaje ta, da ita kuma ta aurar da ƴaƴanta mata. Babbar ɗiyarta ce ta kawo ta ɗakin shan maganin da nake aikin jinya, ƴan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, tana tallafe da ita, hannun Hajiya na hagu naɗe da tsumma saboda ƙuna. Kukansu ɗaya ne: jiri, wata bakwai ke nan, ya raba ta da sana'a, ya raba ta da sujada.

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta lamarinta shi ne ba ciwo ɗaya muka tarar ba. Uku ne suka hau kan juna, kuma biyu daga ciki neman maganin na farkon ne ya jawo su. Irin haka ba baƙon abu ba ne a garin nan, sai dai ba kasafai ake samun wanda zai zauna ya warware shi ɗaya bayan ɗaya ba.

Yadda ya fara da inda aka bi

Da kaka ne, lokacin da sabuwar gyaɗa ta cika kasuwa, aiki ya yi mata yawa. Wata asuba ta juya kan katifa zuwa dama don ta tashi alwala, sai ɗaki ya kama juyawa da ita. Ta ce ta ga rufin kwano yana gudu, ta damƙe bakin katifa tana salati, zuciyarta na tashi. Kafin jikarta da ke kwana tare da ita ta lalubo tocila, abin ya lafa. Ta daddafa ta yi alwala, ta tada sallah. Tana sa goshi a ƙasa a sujadar farko ya dawo, ta kife gefe ɗaya kan tabarma.

Kaka a Maradi lokacin masassarar sauro ne, kusan kowane gida da mai kwance. A wani ƙaramin wurin shan magani da ke kusa da su aka ce masassara ce, ba a tsaga yatsa an yi gwajin gaggawa ba, aka ɗaura mata ƙarin ruwa da kinin har kwana uku. Jikinta bai taɓa yin zafi ba. Da aka gama, kunnuwanta suka kama ƙugi, jinta ya ragu, jirin kuwa yana nan inda yake. Wannan sanannen halin kinin ne: yana sa ƙarar kunne da toshewar ji da jiri, galibi kuma sukan wuce bayan an daina shi. Ita da iyalinta ba wanda ya gaya musu haka, sai suka ɗauka ciwon ne ya ƙara gaba.

Bayan mako biyu jirin ya kama ta wajen wanka, aka kwashe ta zuwa wani wurin. Aka auna tansiyonta, wato awon hawan jini, tana rawar jiki don tsoro, aka samu 16/9, aka ce ga dalili, aka ɗora ta kan amlodifin, maganin hawan jini. Daga baya mun tabbatar tana da ɗan hawan jini na gaskiya, don haka ba zan ce maganin bai dace da ita ba. Amma hawan jini ciwo ne mai yawan shiru, ba ya sa ɗaki ya juya don mutum ya mirgina a gado, kuma wanda aka auna yanzun nan bayan ya firgita dole awonsa ya hau. An kama wani ciwo da ke gefe, an bar wanda ya kawo ta.

Daga nan abubuwa suka fara sarƙewa. Amlodifin yakan kumbura idon sahu, ya kuwa kumbura nata. Wata maƙwabciya ta ce ta san ƙwayar sace kumburi, ta saya mata wurin masu tallar magani a kasuwa. Furosemid ce, ƙwaya mai ƙarfi da ke fitar da ruwa da gishirin jiki ta fitsari. Hajiya ta riƙa shan ta kullum da safe. A wani kantin magani kuma aka ba ta sinarizin don jirin, ta lizimce shi sau uku a rana wata da watanni.

A gida kuwa magana ta koma wani wajen. Wasu suka ce iska ce ta buge ta a hanyar Gulbi, wasu suka ce jifa ne. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi sadaka. Ba ni da ja da addu'a ko sadaka, ni ma da su nake rayuwa. Abin da ya dame ni shi ne zargin ya sauka kan wata mata abokiyar sana'arta, wadda suka shekara ashirin suna aron kasko da turmi a tsakaninsu, aka yanke gaisuwa. Ɗanta da ke Kano ya turo kuɗi ya ce a kawo ta a ɗauki hoton kai. Ta ƙi, don tana tsoron mota. Da muka yi lissafi tare, abin da ya tafi a magani da hidima ya haura jika 80 na sefa, banda cinikin wata bakwai da ya wuce ta.

Azumi ya zo cikin bazara, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40. Ta ɗauki azuminta, tana shan ƙwayoyinta da sahur. A nan wani sabon abu ya ɓullo: in ta miƙe tsaye sai idonta ya rufe. Ana saura kwana biyu Sallah ta ce ba za ta bari cinikin Sallah ya wuce ta ba, ta zauna gaban murhu tana suya. Ta miƙe ɗauko matsami, ta ga duhu, ta faɗi, hannunta ya sauka a bakin kasko. Allah ya tsare man bai kife mata ba. Wannan ƙunar ce ta sa aka kawo ta wurinmu.

Abin da tambaya ta fito da shi

Bayan na wanke ƙunar na ɗaure, na ce wa ɗiyar ta juye ledar magungunan kan tebur, na ja kujera kusa. Mai jiri in ka tambaye shi me ke damunsa, sunan ciwon da aka gaya masa zai maimaita maka. Don haka abu uku nake bi: me yake ji daidai, tsawon wane lokaci yake ɗauka, me kuma ke tada shi.

Na ce, "Hajiya, ki ajiye duk abin da aka ce miki. Ki ba ni labarin daren jiya, tun daga kwanciyarki."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, ai ba iri guda ba ne. Akwai wanda ka zuwa in na kwanta, ko na juya dama, ko na sa goshi ƙasa. Shi ɗaki ka juyawa. Akwai wanda in na miƙe sai in ga duhu, kunnuwana su yi shiru. Shi tun azumi ya hwara. Sannan akwai wanda ba ya barina ko yaushe, ina tahiya ina jin ƙasa ba ta tsaya ba."

Ɗiyar ta buɗe baki tana kallonta. Wata bakwai suna tare dare da rana, ba ta taɓa jin an rarrabe abin haka ba, don ba wanda ya tambaya.

Na ce, "Wanda ɗaki ke juyawa, yana daɗewa?"

Ɗiyar ta riga ta: "Wuni yake yi, likita."

Hajiya ta girgiza hannu. "A'a. Tashin zuciyar da tsoron su ka wuni. Shi juyin, in na kama Fatiha, kahin in kai ƙarshen Ƙulhuwallahu ya tsaya."

Wannan amsar ta fi min kowane hoto amfani. Fatiha da Ƙulhuwallahu ba su kai minti ɗaya ba. Juyin da bai kai minti ba, wanda sauya matsayin kai ke tadawa, ya riga ya nuna hanya, ya kuma ture wasu cututtukan gefe. Ciwon da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861 shi ma yana juya ɗaki, yana tafe da ƙarar kunne da raguwar ji da jin kunne ya cika, amma tashinsa kan ɗauki minti 20 zuwa awa 12, ba ya kuma jiran mutum ya mirgina. Ƙarar kunnen Hajiya bayan kinin ta zo, ta kuma ragu da kanta. Kumburin jijiyar daidaito ta cikin kunne yakan kwantar da mutum kwanaki a jere yana amai ba sassauci, sannan ya riƙa sauƙi a hankali. Ba haka nata ya zo ba. Jirin da ke tafe da ciwon ɓarin kai yakan zo da ƙin haske da ƙin hayaniya, ita kuwa ba ta da tarihin irin wannan ciwon kai.

Akwai tambayoyin da ba na tsallakewa ga duk mai jiri, balle mai shekara 56 da hawan jini. Ko harshenta ya taɓa yin nauyi, ko bakinta ya karkace, ko ta ga abu ɗaya ya zama biyu, ko hannu ko ƙafa sun mutu, ko haɗiya ta gagara, ko ta yi ciwon kai mai tsanani na farat ɗaya, ko ta kasa tsayuwa sam, ko kunne ɗaya ya kurmance a dare ɗaya, ko ƙirjinta ya yi ciwo, ko ta suma. Jirin da ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama shanyewar jiki ta ƙeyar ƙwaƙwalwa ko ciwon zuciya. Mai shi ba ɗakin shan magani na unguwa zai tsaya ba, ba kuma gobe ba: babban asibiti, a wannan sa'ar. Hajiya ba ta da ko ɗaya. Na duba ƙarfin gaɓoɓinta, na sa ta taɓa hancinta da yatsa, na bi motsin idanunta, na saurari bugun zuciyarta, duk daidai. Tafiyarta ce kawai ta mai tsoro: ƙafafu a buɗe, wuya a sandare, ba ta waiwaye sai ta juyo da jiki duka.

Awo biyu da ba su ci ko dala ba

Na kwantar da ita minti biyar, matashi biyu a ƙarƙashin kanta, na auna tansiyo: 14/8. Na tsayar da ita, bayan minti ɗaya na sake aunawa: 11/7, bugun zuciyarta ya ƙaru, ta ce ga duhun nan ya zo. Ƙa'idar da ake bi ita ce in lambar sama ta sauka da 2, ko ta ƙasa da 1, cikin minti uku da miƙewa, to jini ba ya isa kai yadda ya kamata a tsaye. Tata ta sauka da 3. Mace mai shan maganin hawan jini, ta ƙara da ƙwayar fitsari, ta yi azumi cikin bazara, ta zauna gaban wuta: ba a bukatar dogon bincike a gane inda ruwan jikinta ya tafi. Jiri na biyu ke nan, shi ne ya ƙona ta.

Na farkon kuwa sai an tsokano shi ake ganinsa. Gwajin da ake yi likitoci biyu na Landan ne suka bayyana shi a 1952, Margaret Dix da Charles Hallpike, ba ya bukatar komai sai gado da hannu biyu. Wuyarsa ɗaya: dole majinyaci ya yarda a jefa shi cikin abin da ya fi tsoro. Hajiya ta yi wata bakwai ba ta kwanta a miƙe ba, a jingine take barci. Na tambaye ta ko tana da ciwon wuya ko na baya, ta ce babu. Na gaya mata gaskiya cewa ɗakin zai juya, ba zan sake ta ba, kuma kada ta rufe ido ko me ta ji. Ta ce, "To, bismillah."

Na zaunar da ita kan gado, na juya kanta zuwa hagu rabin hanyar kafaɗa, wato digiri 45, na kwantar da ita da sauri ta baya, kanta ya ɗan zarce bakin gado yana hannuna. Muka jira. Ba abin da ya faru. Na tada ita, na juya kan zuwa dama, na sake kwantarwa. Daƙiƙa uku ko huɗu shiru, har ɗiyar ta fara sakin numfashi. Sai Hajiya ta damƙe rigata ta ɗaga murya da salati, ƙwayar idanunta ta kama fizga sama tana murɗawa wajen kunnen da ke ƙasa. Na ce wa ɗiyar ta matso ta duba. Fizgar ta yi ƙarfi, ta riƙa raguwa, wajen daƙiƙa ashirin ta tsaya cak. Na so ɗiyar ta gani da idonta, don ita ce za ta koma gida ta fuskanci masu maganar jifa.

Ga abin da ke faruwa. Can cikin ƙashin kunne, bayan inda ake ji, akwai wurin da ke kula da daidaiton jiki. Kowane kunne yana da ƴan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa in kai ya juya. Kusa da su akwai wata ƴar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyin alli, ido ba ya ganinsu, aikinsu sanar da jiki ina ne sama ina ne ƙasa. Saboda shekaru, ko buguwar kai, ko doguwar kwanciya, sau da yawa ma ba wani dalili da za a nuna, wasu tsakuwoyin kan ɓalle su faɗa cikin bututu, galibi na baya. Kamar tsakin da ya kwanta a gindin ƙwaryar ruwa ne: in ka karkata ƙwaryar sai ya gangara ya ja ruwan, ko da hannunka ya riga ya tsaya. Kunnen dama yana cewa kai na juyawa, na hagu da idanu suna cewa a tsaye yake, ƙwaƙwalwa ta rikice har sai tsakuwoyin sun kwanta. Shi ya sa akwai ɗan jinkiri kafin ya fara, shi ya sa kuma ba ya kai minti. Likitan kunne Robert Bárány ya fara bayyana ciwon a 1921. A takardun likita na Faransanci ana rubuta shi VPPB, na Ingilishi BPPV. Shi ne kan gaba cikin cututtukan kunne masu juya ɗaki, ya fi kama mata da waɗanda suka manyanta. Hoton kai da ɗanta ya so a ɗauka ba ya nuna waɗannan tsakuwoyin. Da an je Kano, da an dawo da takarda mai cewa lafiya lau, zargin jifa ya ƙara ƙarfi.

Maganinsa ba ƙwaya ba ce. Mayar da tsakuwoyin ake yi inda suka fito, ta hanyar juya kai daki-daki. Likitan Amurka John Epley ya wallafa dabarar a 1992, akwai kuma wata ta Alain Semont na Faransa tun 1988. Ta Epley na yi mata. Daga kwancen da take, kai a dama, na jira fizgar ta ƙare, na ƙara rabin minti. Na juya kan a hankali zuwa hagu, na riƙe rabin minti. Na sa ɗiyar ta mirgina jikinta kan kafaɗar hagu, ni kuma na bi da kan har hancinta ya kalli ƙasa. A nan jirin ya sake tasowa, ta ce za ta yi amai, muka riƙe ta. Sannan muka tada ita zaune, haɓa a ɗan sunkuye. Ta yi aman a roba, ta huta, ta kurkure baki. Muka sake zagaye na biyu. Da na maimaita gwajin, idanun ba su motsa ba. Ta kwanta kai a dama tana kallon silin, tana jiran abin da bai zo ba, hawaye na gangara mata zuwa kunne.

Ina roƙon mai karatu kada ya kama wuyan tsohuwarsa ya gwada wannan a gida don ya karanta a nan. Sai an san wane kunne ne, wane bututu ne, an kuma tabbatar wuya da jijiyoyinsa lafiya suke.

Ledar magunguna

Likitan da nake aiki ƙarƙashinsa ne ya yanke hukunci kan ƙwayoyin. Ya tsayar da furosemid nan take, ya sa a duba ƙoda da gishirin jini, ya rage amlodifin, ya ce a riƙa auna ta a kwance da a tsaye duk mako. Sinarizin ya sa a janye a hankali. Irin waɗannan magungunan suna da amfani kwana biyu ko uku in jiri da amai sun yi tsanani. In aka daɗe a kansu sai su sa kasala da gyangyaɗi, su hana ƙwaƙwalwa sabawa da gyara daidaito da kanta, ga tsofaffi kuma sinarizin na iya kawo rawar hannu da sandarewar jiki. Gwajin masassara bai nuna komai ba, sukarinta daidai. Jininta ne ya ɗan gaza, 10.9, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga mace marar ciki 12 ne. Tashin zuciya ya sa ta rage cin abinci ta koma shayi da biredi, shayi kuwa yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Duk da haka macen da ta daina al'ada ba a cewa abinci ne a yi shiru, sai an duba ko jini na zuba ta ciki, don haka aka aika bayan gidanta awo. Aka ba ta ƙwayar ƙarin jini, aka ce ta koma wa wake da zogale da hanta, ta raba shayi da lokacin cin abinci. Aka koya mata tashi hawa-hawa: ta zauna bakin katifa, ta motsa ƙafafu, sannan ta miƙe tana dafe da bango. In akwai ramuwar azumi kuma a bari sai sanyi ya shigo. Cikin kwana goma duhun miƙewa ya ɓace, kumburin ƙafa ya ragu.

Na ukun, wanda ya fi daɗewa

Da ta dawo bayan mako ɗaya gwajin kunne bai tada komai ba, tansiyo ya daidaita, amma har yanzu ɗiyar na riƙe da ita, wuyan na nan a sandare, sallah kuma a kan kujera. Ta ce in ta shiga kasuwa, mutane da babura da kaya masu launi suna wucewa ta gefen idonta, sai ta ji za ta faɗi.

Wannan ba ƙarya ba ne, ba kuma raki ba ne. Jikin da ya yi watanni yana tsoron motsa kai yakan daina dogara da kunne, ya koma dogara da ido kaɗai, sai duk abin da ya gifta ya girgiza shi. A 2017 ƙungiyar masana daidaiton jiki mai ɗauke da sunan Bárány ta fitar da ƙa'idojin gane wannan hali: rashin daidaito a yawancin kwanaki har wata uku ko fiye, mai ƙaruwa da tsayuwa da motsi da wurin da abubuwa ke yawan giftawa. Ba mu yi saurin liƙa mata wannan suna ba, tunda sauran dalilan ba su daɗe da kaucewa ba, amma mun bi da ita ta hanyar da ake bi da masu shi. Tun shekarun 1940 likitoci biyu, Cawthorne da Cooksey, a Ingila suka nuna cewa motsin da mai jiri ke gudu shi ne ke warkar da shi, in an yi shi kaɗan-kaɗan.

Na sa jikarta ta yi ɗigo da gawayi a bangon ɗaki daidai tsayin ido. Hajiya ta zauna ta kafa wa ɗigon ido tana girgiza kai dama da hagu minti ɗaya, sannan sama da ƙasa, safe da rana da maraice. In jiri ya ɗan taso kada ta tsaya, in ya yi yawa ta huta ta sake. Bayan mako ta koma yi a tsaye. Daga nan tafiya a tsakar gida tana waiwaye, sai lungu, sai kasuwa da sassafe kafin ta cika. Na roƙi ɗiyar ta daina riƙe ta, ta riƙa tafiya a gefenta kawai. Wannan ya fi yi wa ɗiyar wuya fiye da uwar.

Sujada ce ta fi tsaya mata a rai, ita ce kuma ta fi tsoro. Malamin unguwarsu ya yi daidai da ya ce ta yi sallah a zaune, don hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito a fili yake: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ban taɓa wannan ba. Abin da na ce mata shi ne, "Hajiya, rangwamen nan naki ne duk ranar da kika bukace shi. Amma abin da ya kayar da ke ranar nan mun fitar da shi. Ki gwada da nafila, da rana, ɗiyarki na kusa, ki sauka a hankali." Ta yi mako biyu ba ta gwada ba. A na uku ɗiyar ta kira ni ta ce ta yi raka'a biyu da walaha, goshi a ƙasa, ta kuma ce a gaya min.

Sana'a ta koma da gyara. An ɗaga murhun, tana suya a kan kujera mai tsayi, tulun ruwan sha a gefenta, ƴan mata ke sauke kasko. Ƙunar ta warke da tabo.

Na riga na gaya musu cewa wannan ciwon yana dawowa ga mutane da yawa, kada su ɗauka aikin ya ɓaci. Ya kuwa dawo da farkon damina, a kunnen dama dai. Washegari ta hau adaidaita ita kaɗai ta zo, ta ce, "Ɗana, tsakuwar nan ta koma." Zagaye ɗaya ya isa. Ba ta sha ƙwaya ko ɗaya ba, ba ta kuma koma kujera ba.

Awon bayan gida bai nuna jini ba, ƙodarta lafiya, jininta ya hau zuwa 11.8, za a sake aunawa bayan wata uku. Kunnen hagu har yanzu tana cewa bai kai na dama ji ba, don haka an rubuta mata takarda zuwa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinta. Maganar abokiyar sana'arta kuwa, ɗiyar ta je da kanta ta ba ta haƙuri, ta kwatanta mata abin da ta gani a idanun mahaifiyarta. Matar ta karɓi gaisuwar, ta ce ta yafe, amma har zuwa zuwan Hajiya na ƙarshe ba ta tako gidan ba.